Gansakukar Tabki da Hasken Rana: Yadda Launi Ke Kare Ta da Abin da Ya Kamata Ka Sani

Mai karatu, idan kana zaune a Badagishiri ta gundumar Illela, ko a ƙauyukan Malbaza da Birnin Ƙonni cikin jihar Tawa, ka san yadda ruwan tabki yake sauya kama tsakanin kaka da bazara. Bayan ɗaukewar ruwan sama yakan kasance ja-ja saboda laka. Idan laka ta kwanta sai ya koma kore. Can cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, wani tabkin yakan yi yana mai ruwan ɗorawa, wani kuma yana ja kamar an barbaɗa garin barkono. Mafi yawan wannan sauyi aikin gansakuka ne. Wannan bayani zai nuna maka dalilinsa, da abin da ya shafi dabbobinka, da kifinka, da idon ƴaƴanka.

Mece ce gansakuka?

Gansakuka suna ne da Bahaushe ya ba koren abin nan mai santsi da yake fitowa a bakin rijiya, da cikin randa, da kan ruwan da ya daɗe a kwance. Ta bambanta da kainuwa da bado, domin waɗannan tsirrai ne masu saiwa da ganye. Gansakuka ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta fure. Yawancinta ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Sai sun taru miliyoyi sannan ruwa yake ɗaukar launinsu.

Masana sun kasa ta gida-gida. Uku daga ciki su ne suka fi shafar ruwayenmu:

1. Koriyar gansakuka, wadda ta fi kusa da tsirran gona a wajen halitta.
2. Gansakuka mai ɓawon gilashi, wadda ake kira dayatom. Launinta ruwan ƙasa ne, ita ce takan yi santsi a kan duwatsun cikin ruwa.
3. Shuɗiyar gansakuka, mai launi tsakanin shuɗi da kore. A asalin halitta ita ƙwayar bakteriya ce. A cikin wannan gida ake samun sifirulina da ake ci, a cikinsa kuma ake samun masu dafi.

Dukansu suna haɗa abincinsu da kansu daga ruwa, da iskar kabon, da hasken rana, kamar yadda gero da dawa suke yi. Wajen wannan aiki suna fitar da iskar oksijin da kifi yake shaƙa. Ƙananan ƙwarin ruwa suna cin gansakuka, kifi yana cin ƙwarin, wani kifin kamar karfasa ma yana cin ta kai tsaye. Saboda haka ita ce tushen abinci a manyan tabkunan jihar Tawa irin na Tabalak da Ɗan Dutsi, waɗanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005, haka kuma a madatsun ruwa na Mozage da Zango da suke kan kwarin Magiya suna ciyar da noman rani na Ƙonni.

Yaya haske yake zama illa ga mai rayuwa da haske?

Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Gansakuka tana kama haske da koren launi mai suna kulorofil. Ƙarfin da ta kama takan tura shi wajen raba ruwa da haɗa sukari. Amma wannan aiki yana da iyakar saurinsa. Yawancin gansakuka sukan kai iyakarsu tun hasken bai kai rubu'in na tsakar rana ba. Daga nan duk abin da ya ƙaru rara ne, ga shi kuma kulorofil ba ya daina kamawa.

Ka kwatanta da injin niƙa da ake ta zuba masa hatsi fiye da abin da yake iya niƙawa. Idan ba a rage ba, zai cushe, ya yi zafi, ya lalace. A cikin gansakuka, rarar ƙarfin takan faɗa kan iskar oksijin da ke kusa, ta mayar da ita wani iri mai ƙuna wanda yake lalata kitse, da furotin, da shi kansa kulorofil ɗin. Akwai wani furotin a tsakiyar wurin kama haske da masana suke kira D1. Shi ne yake fara lalacewa, kuma a cikin rana mai ƙarfi ƙwayar takan cire shi ta ƙera sabo sau da dama a yini ɗaya. Idan lalacewa ta fi gyara sauri, gansakuka takan koɗe ta mutu.

Abin lura shi ne, haske ba shi kaɗai yake jawo wannan ba. Duk abin da ya rage saurin haɗa abinci yana ƙara yawan rara. Ƙarancin taki a ruwa, da yawan gishiri ko kanwa, da zafi mai tsanani, da sanyin asubahin hunturu, duk suna sa hasken da a da bai yi yawa ba ya zama ya yi yawa. A tabkin da yake ƙafewa cikin bazara waɗannan wahalhalu sukan haɗu wuri ɗaya: ruwa ya ragu, gishiri ya taru, laka ta kwanta, rana tana dukan ruwa har ƙasa.

Launukan kariya

Garkuwar gansakuka wasu launuka ne masu ruwan ɗorawa, da ruwan goro, da ja, waɗanda a jimlace ake kira karotinoyid. Ka san su ko da ba ka san sunansu ba. Su ne jan manja da na tumatir, su ne launin karas, da nunannen mangwaro, da kabewa, da ƙwanduwar ƙwai. Wani masani Bajamushe mai suna Wackenroder ya fara ware ɗaya daga ciki a jikin karas a 1831, shi ya sa aka ce masa karotin. A yau an san fiye da iri 1,000.

Sun rabu biyu. Waɗanda ba su da oksijin a jikinsu su ne karotin. Waɗanda suke da oksijin su ne zantofil, ma'ana rawayan ganye. A cikin koren ganye da koriyar gansakuka suna nan kullum, kulorofil ne kawai yake rufe launinsu. Idan ganyen dawa ya tsufa ya koma rawaya, su ne kake gani.

Aikinsu uku ne. Suna taimakawa wajen kama haske idan ya yi ƙaranci. Suna karɓe rarar ƙarfi daga kulorofil su sake shi a matsayin ɗumi marar illa. Suna kuma kashe oksijin mai ƙuna kafin ya yi ɓarna.

Zagayen kariya na ƴan mintoci

Haske a kan tabki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Girgije yakan gifta, hazon hunturu yakan rufe rana, iska takan juya ruwa ta kai ƙwaya ƙasa ta kuma dawo da ita sama. Idan gansakuka ta riƙe garkuwa kullum, za ta yi asarar haske lokacin da take bukatarsa. Idan ta ajiye ta kullum, rana za ta ƙone ta. Don haka Allah ya hore mata hanyar ɗagawa da saukewa, wadda ake kira zagayen zantofil.

A cikin koriyar gansakuka da tsirran gona, zagayen yana tafiya kamar haka:

1. Da safe ko a inuwa, launin da ya fi yawa shi ne biyolazantin. Yana ɗauke da ƙarin oksijin biyu, ɗaya a kowane gefe. A wannan hali ƙarfin haske yana wucewa wajen haɗa abinci.
2. Idan haske ya yi yawa, cikin ƴan jakunkunan da ake kama haske a jikinsu yakan yi tsami. Wannan tsami shi ne ƙararrawa.
3. Tsamin yakan tayar da wani furotin mai aiki, wanda yake amfani da bitamin C ya cire oksijin ɗaya. Launin ya zama anterazantin. Ya cire na biyu, ya zama ziyazantin. Wannan yakan faru cikin ƴan mintoci.
4. Ziyazantin, tare da wasu furotin masu jin tsami, sukan sa wurin kama haske ya riƙa zubar da rara a matsayin ɗumi.
5. Idan haske ya ragu, tsami ya lafa, wani furotin daban yakan mayar da oksijin ɗin, a koma biyolazantin. Komawar ta fi tafiyar jinkiri, takan ɗauki daga mintoci da dama zuwa sa'o'i.

Ka lura cewa ba a ƙera sabon launi a nan. Abu ɗaya ne ake juyawa gaba da baya, kamar yadda mai lambun albasa yake toshe bakin fangali ya buɗe wani da laka ɗaya.

Sanin wannan ya ɗauki shekaru. Masanin Tarayyar Sobiyat Sapozhnikov da abokan aikinsa suka fara lura a 1957 cewa biyolazantin yana raguwa idan aka haska ganye. Harry Yamamoto ya bayyana matakan zagayen a 1962. Sai a 1987 Barbara Demmig da abokan aikinta a Jamus suka danganta ziyazantin da zubar da rarar ƙarfi. A 2009 aka nuna cewa a koriyar gansakuka mai suna Chlamydomonas wani furotin da ake kira LHCSR shi ne babban mai wannan aiki. Sunan ziyazantin kuwa daga sunan masara na kimiyya aka samo shi, domin shi ne ɗaya daga launukan rawayar masara.

Gansakuka mai ɓawon gilashi tana da nata zagayen mai mataki ɗaya: dayadinozantin yakan koma dayatozantin cikin haske, ya dawo cikin inuwa. Wannan ya dace da halittar da ruwa yake jujjuyawa ba dare ba rana.

Shuɗiyar gansakuka ba ta da ɗaya daga cikin waɗannan zagaye biyu. Da yawa daga cikinta suna da wani furotin mai ɗauke da karotinoyid guda, wanda yake ruwan goro a duhu, ya koma ja idan haske mai ƙarfi ya same shi. Idan ya koma ja yakan manne wa wurin kama haske ya rage abin da yake shiga. A jikin wani irin sifirulina aka fara gano shi a 1981, aka kuma tabbatar da aikinsa na kariya a 2006.

Yadda ake ƙera karotinoyid a cikin ƙwaya

Idan rana mai ƙarfi ta ci gaba kwana da kwanaki, juya tsohon launi ba ya isa, sai an ƙera sabo. Ginin yana tafiya daki-daki, kamar ginin tubali:

1. Tubalin farko ɗan ƙaramin sinadari ne mai kabon 5, wanda ake samu daga sukarin da gansakuka ta haɗa.
2. A jera huɗu su zama sanda mai kabon 20.
3. A haɗa sanda biyu kai da kai su zama fitowin mai kabon 40. Shi ne karotinoyid na farko, kuma ba shi da launi. Wannan mataki shi ne ƙofar da ƙwaya take buɗewa ko ta rage, gwargwadon bukata.
4. A cire masa haidirojin sau huɗu, sai ya zama likofin, wato jan tumatir.
5. A naɗe bakin sandar biyu su zama zobe. Nan hanya ta rabu: reshe ɗaya yana ba da alfa-karotin, daga shi a sami lutin, ɗaya reshen yana ba da beta-karotin.
6. A ƙara wa beta-karotin oksijin a sami ziyazantin, daga shi a sami biyolazantin. Wasu nau'o'in sukan ƙara wani mataki su sami astazantin, mai ja ƙwarai.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe a nan. Kulorofil da furotin suna bukatar naitirojin, wato sinadarin da manomi yake nema a takin yuriya da kashin dabbobi. Karotinoyid ba ya bukatarsa. Saboda haka idan naitirojin ya ƙare a ruwa, ga rana tana ta bugawa, gansakuka ba ta iya hayayyafa, sai ta juya abin da ta samu wajen tara kitse da karotinoyid. Kore ya ragu, rawaya da ja su fito. Manomi ya san makamancin wannan a ganyen masarar da ta rasa taki.

Ruwayen da suke komawa ja

Shahararriyar gansakukar da take yin haka ita ce Dunaliella salina, mai zama a ruwan gishiri. Bafaranshe Michel Félix Dunal ya bayyana ta a 1838 daga wuraren haƙar gishiri na kudancin Faransa, aka sa mata sunansa a 1905. Idan gishiri da rana suka matsa mata, beta-karotin yakan kai kashi 10 cikin 100 na nauyinta idan an busar, ko ma fiye. Tana tara shi cikin ɗigon kitse da suke yi mata laima. A Afirka ta Yamma ana ganin aikinta a tabkin Retba da ke kusa da Dakar a Senegal, wanda ya yi suna da jan ruwansa. A 2022 ambaliya ta kwararo cikinsa, gishiri ya tsinke, ruwan ya koma kore. Wannan ya nuna maka cewa jan launin amsa ce ga wahala. A Ostareliya da Isra'ila ana noman wannan gansakuka don a sayar da beta-karotin ɗinta.

A ruwan daɗi akwai Haematococcus, mai zama a ƴan kududdufan kan dutse. Idan ruwa ya fara ƙafewa takan yi kauri, ta tara astazantin har zuwa kimanin kashi 4 cikin 100 na busasshen nauyinta, ta kwanta har ruwa ya dawo.

Wadda ta fi shafar mai tabki da mai kiwon kifi ita ce Euglena sanguinea. Takan yi yana a saman ruwan da yake kwance mai yawan kashin dabbobi. Tana ɗauke da jan launinta a shirye: idan rana ta take sai ta baza shi a jikinta, yanar ta yi ja, da yamma ko da sassafe ta tattara shi tsakiya, yanar ta koma kore. Idan ka ga tabki yana sauya launi haka a yini ɗaya, ka yi zaton irinta. An tabbatar a Amurka cewa wannan nau'i yana iya fitar da dafin da yake kashe kifi.

Dihe na ƙasar Kanem

Mafi kusa da mu cikin al'ummomin da suke cin gansakuka su ne Kanembu na Cadi. A gabas da arewa maso gabashin Tabkin Cadi akwai ƙananan tabkuna masu kanwa, inda sifirulina take fitowa da kanta. Mata sukan kwashe ta daga saman ruwa, su zuba a ramin da suka gyara cikin rairayi, ruwa ya tsotse, ta bushe, su yanka ta gutsure-gutsure. Sunanta dihe, ana kai ta kasuwa, ana yin miya da ita. Masanin Faransa Pierre Dangeard ya ba da labarinta a 1940, sannan Jean Léonard na Beljiyam ya sake gano ta a kasuwannin Cadi a tafiyarsa ta 1964 zuwa 1965.

Busasshiyar sifirulina tana da furotin da ya kai kashi 60 cikin 100, tana da sinadarin ƙarfe, tana kuma da beta-karotin mai yawa. A Nijar da Burkina Faso da wasu ƙasashen yankin an kafa ƙananan gonakinta cikin kwatamai, don taimakon yara masu tamowa. Masu wannan noma sun san darasin haske da hannunsu. Sabon iri da bai yi kauri ba, idan aka bar shi a rana tsaka, yakan koɗe ya mutu cikin ɗan lokaci, domin babu wata ƙwaya da take yi wa ƴar'uwarta inuwa. Shi ya sa ake yi wa kwatami rumfa, ana kuma motsa ruwan a kai a kai. Ta fi son ɗumin da ya kai digiri 35 zuwa 37. Idan ya haura 40 takan fara wahala.

Me ya haɗa wannan da idon yaro?

Mutum da dabbobin gida ba sa iya ƙera karotinoyid, sai sun ci a abinci. Jikin mutum yakan raba beta-karotin ya mayar da shi bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ne yake kawo dundumi, wato kasa gani da almuru. Idan ya yi tsanani yakan busar da ido har ya makantar, yana kuma rage ƙarfin yaro wajen jure ƙyanda da zawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu wata 6 zuwa 59 ƙwayar bitamin A kowane wata 4 zuwa 6 a ƙasashen da rashinsa ya yi yawa. Nijar ta fara haɗa rabon wannan ƙwaya da ranakun rigakafin shan inna a 1997.

Ka sani ba kowane karotinoyid ne yake zama bitamin A ba. Likofin na tumatir, da astazantin, da lutin, da ziyazantin ba sa zama. Sai dai lutin da ziyazantin sukan taru a tsakiyar bayan ido, inda suke tace haske mai ƙarfi, kusan irin aikin da suke yi wa gansakuka. Masu ba da bitamin A a kasuwanninmu su ne ganyen zogale, da alayyafo, da karas, da kabewa, da mangwaro, da gwanda, da dankali mai jan ciki, da manja. A haɗa su da ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin karotin a cikin mai yake narkewa. Hanta da ƙwai da man shanu suna ba da bitamin ɗin kai tsaye.

Abin da yake kare ƙwaya tana raye ba ya jure rana bayan ta mutu, domin babu mai sabunta shi. Ganyen zogale ko sifirulina da aka shanya a rana tsaka yakan yi asarar karotin mai yawa. A shanya a inuwa mai iska, a adana a abin da haske ba ya shiga.

Hatsarin da ke cikin ruwa mai gansakuka

Launukan kariya su kansu ba dafi ba ne. Amma ruwan da gansakuka ta yi wa yawa yana da hatsari biyu.

Na farko dafi. Wasu irin shuɗiyar gansakuka, musamman Microcystis, suna fitar da dafin da yake lalata hanta, wasu kuma mai taɓa jijiyoyi. Tun 1878 aka rubuta mutuwar tumaki da shanu da dawaki da suka sha irin wannan ruwa a tabkin Alexandrina na Ostareliya. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka danganta abin da wannan dafi. Tafasa ruwa ba ya kashe dafin hanta. Iska takan tara yanar a gefe ɗaya na tabki, sau da yawa daidai inda dabbobi suke sa baki.

Na biyu ƙarancin iska. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin, da dare tana shaƙarsa. Idan ta yi yawa, ko ta mutu gaba ɗaya ta fara ruɓewa, oksijin yakan ƙare kafin asuba. Shi ya sa kifi yake tasowa yana haki da sassafe.

Shawarwari

1. Idan ruwa ya yi yana kamar an zuba koren fenti ko shuɗi, ko yana wari, ko ka ga mataccen kifi ko tsuntsu a baki, ka hana dabbobi sha, ka hana yara wanka. A ba dabbobi ruwan rijiya har yanar ta wuce.
2. Kada ka kwashi gansakukar tabki ka ci ko ka ba yara da sunan dihe. Ido ba ya raba mai amfani da mai dafi. Sai da madubin ƙara girma da gwaji. A sayi sifirulina daga wurin da ake duba ingancinta.
3. Dabbar da ta sha irin wannan ruwa ta kama rawar jiki, ko dalala, ko zawo, ko fatarta ta fara saɓulewa a rana, a kira malamin dabbobi nan take, a kuma sanar da sauran makiyaya.
4. A nisantar da turken dabbobi, da juji, da bayan gida daga bakin tabki. Mai lambu ya sa taki gwargwado, domin rarar taki ruwa take bi ta ciyar da gansakuka.
5. Mai kiwon kifi ya riƙa tsoma hannu a ruwa. Idan tafin hannu ya ɓace wajen gwiwar hannu, koren ya yi daidai. Idan ya ɓace tun bai wuce taƙi ɗaya ba, a daina sa taki, a rage abinci, a ƙara sabon ruwa.
6. Koren ruwan da ya koma rawaya ko ja cikin ƴan kwanaki alama ce gansakuka tana cikin wahala, kuma tana iya mutuwa gaba ɗaya. A riƙa duba kifi da asuba.
7. A rufe randa, da jarka, da tankin ruwa. Inda haske bai shiga ba, gansakuka ba ta tsirowa.
8. A kai yara karɓar ƙwayar bitamin A a kan lokaci. Wanda ya fara dundumi, babba ko yaro, musamman mace mai ciki, a kai shi asibiti.

Amfanin wannan ilimi ga manomi

Zagayen da ke cikin koriyar gansakuka shi ne a cikin ganyen geronka da wakenka. An faɗa a baya cewa sauke garkuwa yana da jinkiri. Duk lokacin da girgije ya gifta ko ganye ya shiga inuwar ɗan'uwansa, shuka takan ci gaba da zubar da hasken da take bukata. A 2016 masana a Jami'ar Ilinoi ta Amurka suka sa wa taba ƙwayoyin gado da suke hanzarta wannan sauyi, nauyin shukar a gona ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin 100. A 2022 suka ba da rahoton ƙarin amfani a wasu layukan waken soya da aka yi wa irin wannan gyara. Waɗannan sakamakon gonakin gwaji ne.

Abin da yake hannunka tun yanzu ya fi wannan sauƙi. Dashen albasa, ko tumatir, ko itacen da aka raina a inuwa bai tara launukan kariya da yawa ba. Idan aka fitar da shi rana tsaka a yini ɗaya, ganyensa yakan koɗe. A riƙa janye masa rumfa kaɗan-kaɗan na wasu kwanaki kafin dashe, a dasa da yamma, a ba shi ruwa isasshe.

A taƙaice

Gansakuka tana kare kanta daga rarar haske ta hanya biyu: ta juya launin da take da shi cikin mintoci, ko ta ƙera sabo cikin kwanaki. Koren ruwa mai sauƙi alamar abinci ne ga kifi. Rawaya da ja alamar wahala ce. Yana mai kauri kamar fenti kuwa alamar a janye dabbobi da yara ce. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan bayani, musamman makiyayi, da masunci, da uwar yara, domin rigakafi ya fi magani.